Agogo Ya Makara

Ranar Asabar Khairiyya ta fita takaba.

Tun da hantsi Hajiya Turai, mahaifiyar marigayi mijinta, ta sa aka ɗora mata ruwan wanka, aka ciro sabuwar atamfa daga akwati, aka dama kunu aka raba sadaka gida-gida. Wata huɗu da kwana goma ke nan tana zaune a ɗaki ɗaya cikin gidan surukanta a Safana, ba kwalli ba turare, ba ta leƙa ko ƙofar gida. Matan unguwa sai shigowa suke, "Barka da fita, Allah ya jiƙan Almustapha." Bakinta yana amsawa, amma kunnenta yana can zaure.

Mutum ɗaya take jira. Kuma shi wannan mutum, tun da ta san shi, ba a taɓa jiran sa ba. Shi yake jiran mutane.

Sunansa Jamaluddeen, amma duk wanda ya yi sakandaren jeka-ka-dawo tare da su a Batsari bai san shi da wannan suna ba. Agogo ake ce masa. Shi ke buga ƙararrawar makaranta, wani tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a jikin darbejiya, kuma shekara uku yana bugawa ba a taɓa cewa ya ƙara minti ɗaya ko ya rage ba. Har malamai da shi suke gyara agogonsu.

Yana son ta tun suna aji huɗu. Duk ajin sun sani, ita ma ta sani, shi kaɗai ne bai taɓa buɗe baki ya faɗa ba. Wai sai ya gama karatu ya samu aiki, don kada ya je gaban iyayenta hannu biyu. Yana can yana jiran takardar ɗaukar aiki Almustapha, ma'aikacin lafiya daga Safana, ya zo ya nema aka ba shi. Ba wanda ya tilasta mata. Ta yi kukanta a ɓoye, ta share ido ta tare, kuma Allah ya sani Almustapha bai rage ta da komai ba. Shekara takwas suka yi, suka haifi 'ya ɗaya, Ikilima, kafin babur ya kife da shi a hanyar Zakka yana dawowa daga aikin rigakafi.

Sati uku da rasuwar, 'yan ajinsu suka cika mota guda suka zo ta'aziyya. Mahfuza ce ta haɗa su, aminiyarta ta benci ɗaya, wadda bakinta ba ya gajiya. Shekara goma sha ɗaya rabon da su haɗu. Aka shimfiɗa wa mata tabarma a ɗaki, maza suka zauna daga bakin ƙofa, labule a tsakani.

Da farko kowa ya yi jugum, ana addu'a ana shafawa. Amma 'yan aji ɗaya ba sa iya daɗewa a haka. Mahfuza ta fara zungurar mutane.

"Khairi, kin gane wannan kuwa? Barira ce fa. Barirar da ke suma in ta ga jini, yau ita ce ungozoma a asibiti."

Barira ta harare ta. "Ke fa? Ki ba ta labarin tagwayenki da suka hana Batsari barci."

"Ai ubansu suka biyo. Faisal kuma ga shi can, ya yi tumbi, waya yake sayarwa a Kaduna. Sadiq ya shiga soja, an ce yana Maiduguri, shekara biyu ba wanda ya ji muryarsa."

"Najib fa?" Khairiyya ta tambaya a hankali.

Daga bayan labule wata murya ta ce, "Najib ya rasu bara. A gona aka same shi, a Karare."

Ta gane muryar kafin a ƙarasa maganar. Gabanta ya faɗi, sai ta ji kunyar kanta, ta ja hijabi ta ƙara rufe fuska. Mace mai takaba, gabanta yana faɗuwa don ta ji muryar wani!

Mahfuza, da ba ta son shiru, ta ce, "Wannan kuma ba sai an gaya miki ba. Agogo ne. Lissafi yake koyarwa a firamaren Wagini. Kullum sai ya hau babur daga Batsari, kuma an ce har yanzu shi ke riga maigadi zuwa. Aure kuwa ya ƙi. Mun yi zugar har mun gaji."

"Lokaci ne bai yi ba," in ji shi.

"Kai da lokacin nan naka!"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin ta gidan makoki. Ranar ce Khairiyya ta fara murmushi tun da aka shigo da gawar mijinta.

Da za su tafi, kowa ya fita, sai ta ga inuwar mutum ɗaya ta tsaya a jikin labule. Agogo ne.

"Khairiyya."

"Na'am."

"Na san abin da shari'a ta hana a faɗa wa mai takaba, kuma ba zan faɗa ba. Abu ɗaya zan ce. Ranar da kika fita, ina da magana. Na makara sau ɗaya. Ba zan sake ba."

Ta dubi ƙafafunta. Sannan ta ce, da muryar da ita ma da ƙyar ta ji, "Ai Agogo ba ya makara."

Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan. Da shi ta rayu wata uku da rabi.

Bayan nan aka rufe layin waya a yankin gaba ɗaya saboda 'yan bindiga. Waya ta zama fitila kawai. Hanyar Batsari zuwa Safana, da ba ta da wani nisa, ta koma sai dole ake bin ta. Ba ta sake jin ɗuriyar Mahfuza ba, balle tasa. Amma ba ta damu ba. Tsofaffin gidan suna ƙirga mata wata, duk tsayuwar sabo Hajiya ta ce saura kaza, ita kuma a ranta tana cewa shi ma yana can yana ƙirgawa.

Asabar ta wuce bai zo ba.

Ta ce hanya ce. Lahadi ta yi wanka tun da safe, ta saka kwalli, duk ƙarar babur sai ta miƙe. Mai sayar da kalanzir ne. Maƙwabci ne. Ba kowa ba ne.

Litinin da la'asar Hajiya Turai ta shigo ɗakin da kanta, abin da ba ta saba yi ba, ta zauna a bakin gado. Tsohuwa ce mai kirki, wannan ne ma ya sa maganarta ta fi nauyi.

"Ɗiyata, magana nika tahe da ita."

"To, Hajiya."

"Kin san Muntaka. Ke ma shaida ce, yaro ne mai haƙuri, ga sana'arshi ta hatsi, bai taɓa aje mace ba. Ya same ni ya ce shina son ya riƙe gidan wanshi. Ni kuma ban ga aibu ba. Ki zauna ɗakinki, Ikilima ta tashi gidan ubanta."

Muntaka ƙanin mijin Khairiyya ne, abokin wasanta. Shi ke ce mata "matar yaya mai rowar nama", ita kuma tana ce masa gwauron kasuwa. Ba ta taɓa kallon sa a matsayin namiji ba.

"Hajiya, ki yi haƙuri, ni Muntaka ƙani na ɗauke shi."

"Ai ba nono ɗaya kuka sha ba."

"Ki ba ni lokaci, Hajiya. Shekaranjiya fa na fita."

"Mi kike jira?" Tsohuwar ta kafe ta da ido. "Ni ba ni tsare ki. Kina da ƙuruciya, in kin ce gida za ki, ga hanya. Amma ki sani, Ikilima ba ta hita gidan nan. Ita kaɗai Almustapha ya bar min. In na dube ta shi nika gani. Kina so in mutu sau biyu?"

Hawaye suka zubo wa tsohuwar, ta sa bakin zane tana gogewa. Khairiyya ta durƙusa ta kama ƙafafunta tana kuka.

"Hajiya, shekararta biyar. Ba ta iya barci sai ta riƙe ɗan yatsana. Ya za a yi in tafi in bar ta?"

"To ki zauna. Ai shi na ce."

A tsakar gida Ikilima tana wasan 'yar tsana, tana yi mata waƙa, ba ta san ita ake rabo ba.

Talata Khairiyya ta yago takarda daga tsohon littafin marigayi, ta rubuta, "Mahfuza, ki ce wa Agogo." Sai alƙalamin ya tsaya. Ta ce masa me? Bai ce yana son ta ba. Bai ce zai aure ta ba. Cewa ya yi yana da magana. In wani ne daban, da sai ta ce mantuwa ce, ko babur ne ya lalace. Amma Agogo? Mutumin da ya taɓa zuwa makaranta cikin ruwan sama da zazzaɓi a jikinsa don kada ƙararrawa ta makara? In har bai zo ran Asabar ba, to rashin zuwan shi ne maganar. Ya je ya yi tunani, ya ga bazawara ce da 'ya, ya ga 'yan mata sun cika Batsari. Kunya ce ta hana shi zuwa ya faɗa.

Ta yayyaga takardar ta zuba a murhu. Ta ji haushinsa, ta ji haushin kanta da ta yi wata uku da rabi tana jingine da magana ɗaya.

Laraba Baffa Salmanu ya iso daga Zakka. Ƙanin mahaifinta ne, shi ne waliyyinta tun da mahaifin ya rasu. Manomi ne da ba ya son zagaye-zagaye, kuma ya baro wakensa a gona ba a gama roro ba. Ya kira ta zaure ita kaɗai.

"Khairi, sun yi min magana. Ban ba su amsa ba, na ce sai na ji ta bakinki. Ke ba yarinya ba ce, ba mai ɗaura miki abin da ba ki so."

"Na gode, Baffa."

"Ki saurare ni da kyau. In akwai wani tsayayye da ya fito, mutumin kirki da zai riƙe ki da ɗiyarki, ki faɗi sunanshi. Wallahi zan tsaya miki, ko gaban alƙali ne mu je, yarinya ƙarama hannun uwarta take. Amma ba zan ɓata da mutanen da suka riƙe ki shekara takwas da mutunci ba a kan babu. Kuma kin san Zakka yanzu. Mu kanmu da ido ɗaya muke barci, ba wurin da zan kai mace da ƙaramar yarinya ba ne." Ya gyara zama. "To, akwai wani?"

Sunan yana kan harshenta. Ta ji ɗacinsa.

"Akwai wanda ya yi miki magana?"

"Babu wanda ya yi min magana, Baffa."

Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ci mata rai.

Aka kira Muntaka. Ya shigo yana sunkuyar da kai, duk barkwancin nan nasa ya gudu. Ya tsuguna nesa da ita.

"Matar yaya," ya fara, sai ya katse, don sunan bai dace da wurin ba. "Na san ba ni ne a ranki ba. Ni ma ban taɓa kawo wannan a raina ba sai da na ga Hajiya tana ramewa. Ba zan ce zan zama kamar Yaya ba. Amma Ikilima ba za ta san maraici ba in ina numfashi, ke kuma ba za ki yi kuka da ni ba. In kin ce a'a, wallahi ba zan riƙe ki a rai ba."

Da ma mugu ne, da ta samu abin ƙi. Ta dubi ƙofar zaure sau ɗaya. Titi fayau, sai akuya tana cin ɓawon rake.

"Na amince," ta ce.

"Ki ɗaga murya in ji," in ji Baffa.

"Na amince, Baffa."

Kafin magariba an raba goro. Aka tsayar da ɗaurin aure jibi, bayan sallar Juma'a, don Baffa ya samu ya koma gonarsa. Hajiya Turai ta rungume ta tana sa mata albarka. Ikilima ta yi ta tsalle da aka ce mata ba inda Ummanta za ta je.

Alhamis da safe tana tankaɗe a tsakar gida ta ji tsayuwar babur. Wannan karon ba ta miƙe ba. Sai ga Mahfuza ta faɗo gidan, mayafi a kafaɗa, fuska duk ƙura, tana washe baki.

"Barka da fita, mutuniyar! Tashi, tashi, wanke hannun nan. Kin san wanda ya tayar da ni tun asuba? Yana zaure. Wai sai ƙarfe takwas daidai zai yi sallama, muna tsaye a bakin layinku minti goma yana kallon agogo."

Rariyar ta suɓuce daga hannun Khairiyya.

Ba ta san yadda ta isa zauren ba. Yana tsaye cikin farar shadda sabuwa, hula a karye, ya rame kaɗan. Da ya gan ta sai fuskarsa ta washe kamar ta yaro.

"Khairiyya. Barka da fita. Na ce miki ba zan makara ba."

Ta jingina da bango. "Yau ka zo?"

"Yau ɗin ai."

"Tun Asabar na fita, Jamaluddeen."

Murmushin bai bar fuskarsa nan take ba. Ya girgiza kai, ya sa hannu a aljihu da sauri ya ciro wata takarda da ta sha ninki. Shafukan kalandar makaranta ne, an soke kowace rana da jan biro, ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake.

"A'a, duba ki gani. Ran ɗaya ga Yuli ya rasu. Yuli, Agusta, Satumba, Oktoba, wata huɗu ke nan. Ki ƙara kwana goma. Jiya suka cika, yau sha ɗaya ga Nuwamba. Sau uku na sake lissafin."

Ta dubi jajayen layukan nan. Kowanne rana ce da ya tuna da ita. Sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da Hajiya ta shigo ɗakinta.

"Da wane wata ka ƙirga? Da wane wata, Agogo? Takaba da watan sama ake yin ta! Kai ka je kana ƙirga min da watan albashi!"

Mahfuza ta dafe ƙirji. "Innalillahi."

Ya tsaya da takardar a hannu. Leɓɓansa suna motsi, malamin lissafi yana cire ashirin da tara daga talatin da ɗaya. Ta ga lokacin da amsar ta fito masa.

"Kwana biyar," ya ce.

"Kwana biyar ina zaune da kwalli a ido. Asabar, Lahadi, Litinin. Duk babur da ya wuce sai na tashi. Na ce wannan mutumin ba ya makara, tunda bai zo ba to ba ya so ne."

"Ba na so? Shekara goma sha huɗu, Khairiyya! Ranar Asabar ɗin nan har na tayar da babur, na ce in zo in ga ko lafiya kike. Na kashe shi. Na ce kada in je bakina ya suɓuce in faɗi abin da Allah ya hana, saura kwana biyar kacal." "To ai ga ni. Ina Baffanki? Yanzu zan gan shi."

Mahfuza ta kama kafaɗar Khairiyya tana jijjigawa. "Ke, mene ne? Yi magana mana!"

"Jiya aka raba goro. Muntaka, ƙanin marigayi. Gobe bayan Juma'a."

"Dole aka yi miki?" ya tambaya da sauri, kamar mai neman abin kamawa.

"Da bakina na amsa. Sau biyu."

Mahfuza ta ce, "To sai me? Ai ba a ɗaura ba! Ku shiga ku faɗa musu gaskiya, kuskure ne aka yi!"

Khairiyya tana kallon sa, kuma ta san shi. Mutumin da ya kashe babur don kada ya yi wa mai takaba maganar aure, ba shi ne zai shiga neman da aka riga aka amsa wa wani ba. Tana so ya shiga. Wallahi tana so, ko sau ɗaya a rayuwarsa, ya buga ƙararrawar nan ba a kan lokaci ba. Ya ɗaga ido ya dube ta, ta ga shi ma jira yake ta ce masa ya shiga.

Daga cikin gida aka jiyo muryar Hajiya Turai tana dariya, dariyar da rabon a ji ta tun kafin rasuwa, tana ce wa Ikilima ta tsaya a gwada mata rigar gobe.

Sai ga takun takalmi. Baffa Salmanu ya shigo zauren da buta a hannu. Ya dubi baƙon da farar shaddarsa, ya dubi takardar, ya dubi jiƙaƙƙiyar fuskar 'yar wansa. Ba yaro ba ne. Ya ajiye butar a hankali.

"Khairi, jiya na tambaye ki, yau ma zan sake. Wannan bawan Allah fa? Da magana ya zo?"

Ikilima ta rugo da gudu cikin sabuwar riga da ba a gama ɗinke hannunta ba, ta kama ɗan yatsan uwarta ta riƙe gam. "Umma, kin ga! Baba Muntaka ne ya sayo min."

Khairiyya ta dubi ɗan hannun da ke riƙe da ita. Ta sa gefen hijabi ta share fuska.

"Ɗan ajinmu ne, Baffa. Barka da fita ya zo yi min."

Jamaluddeen ya ninke kalandar a kan tsohon ninkinta, ya mayar aljihu, ya durƙusa ya gaida Baffa.